Makullin da ka ba baƙo: izinin asusun hidima lokacin saka ƙari a Kubernetes

Mai karatu, idan aka ce "kalmar sirri" ko "izinin shiga", hankalinka kan mutum zai tafi: kai da wayarka, ko ma'aikacin banki da kwamfutarsa. Amma a cikin manyan ɗakunan kwamfuta da ke riƙe da manhajojin da muke amfani da su kullum, yawancin masu ƙwanƙwasa ƙofa ba mutane ba ne. Manhajoji ne ke magana da junansu dare da rana, wannan ta ce a ba ta kaza, waccan ta ce a goge kaza. Kowace da katin shaidarta, kowace da iyakar da aka yanka mata. Yau za mu duba yadda ake yanka wannan iyaka a cikin Kubernetes, musamman a ranar da aka kawo baƙuwar manhaja za a ɗora ta a kan tsarin. A ranar nan ake raba makullai, kuma galibi cikin gaggawa ake raba su.

Bari mu share fage tukuna. Kwantena a nan ba wadda tirela ke ɗaukowa daga tashar Apapa ba ce, ko da yake daga irinta aka aro sunan. Manhaja ce da aka ƙunshe ta tare da duk kayan da take buƙata, ta yadda duk kwamfutar da aka ɗora ta a kai za ta yi aiki iri ɗaya. Docker ne ya yayata wannan dabara tun daga 2013. Da kwantenoni suka yi yawa, ɗaruruwa a kan kwamfutoci barkatai, sai aka buƙaci mai raba musu wurin zama, mai tayar da wadda ta faɗi, mai ƙaro hannu idan aiki ya yi yawa. Aikin Kubernetes kenan. Google ne ya fitar da shi a 2014, cikakkiyar sigarsa ta farko ta fito a Yulin 2015. Sunan Girkanci ne, ma'anarsa matuƙin jirgin ruwa. Tarin kwamfutocin da yake tuƙawa kamar abu guda, shi za mu riƙa kira gungu.

Gungu yana da ofishi ɗaya tal da ake kai kowace buƙata, sabar API. Mutum ne kai ko manhaja, in kana son a tayar da kwantena, ko a nuna maka wani bayani, ko a goge wani abu, ta wannan ofishi za ka bi. Kuma kafin ya saurare ka zai yi maka tambayoyi biyu a jere. Ta farko, wane ne kai? Ta biyu, wa ya yarje maka wannan aikin? Ka riƙe cewa tambayoyin nan daban-daban ne. Ana iya gane ka sarai, a gaishe ka da sunanka, sannan a ce maka ba ka da izini.

Wanda ya san noman rani a kudancin Kano ba zai sha wahalar gane wannan ba. Ruwan madatsar Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka kammala a 1974, yana bin babbar magudana ne ya rarrabu zuwa ƙanana har ya isa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. A kan hanyar akwai ƙofofin ruwa manya da ƙanana. Wanda aka ba ikon buɗe ƙaramar ƙofar da ke shayar da sashensu, ikonsa a nan ya tsaya. Wanda ke riƙe da babbar ƙofa kuwa, abin da ya yi ya shafi kowa har ƙarshen layi. Haka gungu yake. An raba shi sashe-sashe, abin da masu aikin ke kira namespace, mu kuma za mu ce unguwa. Akwai izinin da ya tsaya a unguwa ɗaya, akwai wanda ya game gungun duka.

Katin shaidar manhaja

Ga wani abu da ke ba sababbin shiga mamaki: Kubernetes ba ya ajiye rajistar mutane. Babu wurin da za ka buɗe ka ga jerin sunayen ma'aikata. Shaidar mutum daga waje take zuwa, ko ta takardar shaida ta lantarki, ko ta tsarin shiga na kamfanin da ke ba ka hayar kwamfutocin. Rajistar da yake riƙewa da kansa ita ce ta manhajoji, kuma sunanta ServiceAccount, wato asusun hidima.

Kubernetes yana tafiyar da kwantena ne a cikin wani ɗan ƙunshi da ake kira Pod, kuma kowane Pod da asusun hidimar da yake aiki da sunansa. Idan ba ka ambaci ko ɗaya ba, za a liƙa masa wanda ake kira default, domin kowace unguwa ana ƙirƙirar ta ne da nata. Da Pod ya tashi, sai a ajiye masa wani dogon rubutu mai sa-hannu a cikin fayil, a /var/run/secrets/kubernetes.io/serviceaccount/token. Wannan shi ne tikitinsa. Duk lokacin da zai yi magana da ofishin gungu sai ya miƙa shi, ofishin kuma ya gane shi da suna mai wannan siffa: system:serviceaccount, sai sunan unguwa, sai sunan asusu.

To ka lura da kyau a nan. Tikitin nan ba ya duba fuskar mai riƙe da shi. Duk wanda ya miƙa shi, shi ne mai shi. Idan ɓarawo ya samu kafar shiga cikin kwantena ya karanta wannan fayil, a wurin ofishin gungu ya zama wannan manhajar, da duk abin da aka yarje mata. Kusan duk abin da za mu faɗa nan gaba a kan wannan yake tsaye.

A da, tikitin ba ya lalacewa har abada, a ajiye yake sai an goge shi da hannu. An gyara wannan a hankali. Daga siga ta 1.22, tikitin da ake saka wa Pod yana da wa'adi, ana sabunta shi a kai a kai, kuma yana daina aiki idan aka goge Pod ɗin. Daga siga ta 1.24, a 2022, aka daina ƙirƙirar tsohon nau'in kai tsaye. Gyara ne mai kyau, amma ya rage tsawon lokacin da tikitin sata zai yi amfani ne kawai, bai rage yawan ƙofofin da yake buɗewa ba.

Wa ke rubuta abin da tikiti zai buɗe?

Wani tsari ne da ake kira RBAC, wato ba da izini gwargwadon matsayi. Ya shigo a matsayin gwaji mai ƙarfi a siga ta 1.6, ya zauna daram a 1.8, duka a 2017. Kafin nan, a gungu da yawa kowane Pod na iya yin kusan duk abin da ya ga dama.

Abubuwa biyu ne a ciki, kowanne da ƙarami da babba. Na farko takardar aiki ce, mai cewa ana iya yin kaza a kan kaza. Ayyukan ƙididdigaggu ne: get da list da watch na dubawa ne, create da update da patch na ƙirƙira da sauyawa, delete na gogewa. Idan takardar ta unguwa ɗaya ce, sunanta Role. Idan ta gungu duka ce, ClusterRole. Takardar aiki ita kaɗai ba ta ba kowa komai, kamar dai a rubuta ayyukan mai gadi a manna a bango alhali ba a ɗauki mai gadin ba. Sai an zo da abu na biyu, takardar naɗi, mai cewa wane shi ne zai riƙe wannan aiki. Ita ce RoleBinding a unguwa, ClusterRoleBinding a gungu. Akwai wata dabara mai amfani a nan: kana iya ɗaukar babbar takardar aiki ka naɗa wani a kanta da ƙaramar takardar naɗi, sai ikon ya tsaya a unguwa ɗaya. Takardar naɗin ce ke yanka iyaka.

Sannan RBAC ba shi da kalmar "ban da". Ba za ka iya rubuta "ya yi komai ban da karanta sirri" ba. Komai a haramce yake tun farko, izini kuma taruwa yake, wannan a kan wancan. Saboda haka idan ka ba wani iko mai faɗi, babu wata takarda ta biyu da za ka kawo ta rage shi. Sai dai ka koma ka gyara ta farkon.

Ranar saka ƙari

Kubernetes shi kaɗai kamar sabon gida ne da ba a ja masa wuta da ruwa ba. Mai karɓar baƙi daga intanet ya kai su wurin manhajar da suke nema, mai sabunta takardun shaidar da ke sa ka ga ɗan kwaɗo a gefen adireshin shafi, mai lura da lafiyar kwamfutoci, mai kula da rumbun bayanai, duk daga waje ake kawo su. Su ne ƙari. Sunaye irin su ingress-nginx, cert-manager, Prometheus Operator da Argo CD duk na wannan aji ne.

A ce wani ƙaramin kamfani a Kano ya yi manhajar da ke haɗa manoman shinkafa na Tudun Wada da masu masara na Doguwa da 'yan kasuwa. Gungunsu yana da unguwa uku: ta biyan kuɗi, ta bayanan manoma, da ta gwaje-gwaje. Injiniyarsu ta zo za ta saka ƙarin da zai riƙa lura da lafiyar tsarin. Mutane da yawa suna ɗauka izini ɗaya ne ake magana a kai a wannan rana. A'a, biyu ne, kuma haɗa su ne ke kawo ruɗani.

Akwai izinin mai sakawa, akwai izinin abin da aka saka. Mai sakawa na iya zama ita injiniyar da kanta, ko wata manhaja da ke saka abubuwa a madadinta. Abin da aka saka kuwa yana zuwa ne da nasa asusun hidimar, da nasa takardun aiki da na naɗi, duk a rubuce a cikin ƙunshin da aka sauko da shi. Wato baƙon da kansa ne ya rubuto jerin makullan da yake so, kai kuma da ka danna umarnin sakawa ka sa hannu a kai. Injiniyar za ta gama ta rufe kwamfutarta ta tafi gida. Asusun ƙarin yana nan yana aiki, yau da gobe da baɗi.

A nan ne wata ƙa'ida mai kyau take shigowa. Kubernetes ba ya barin ka ba da abin da ba ka da shi. Idan za ka ƙirƙiri takardar aiki, dole ya kasance duk izinin da ke cikinta kai ma kana da shi, kuma a daidai wannan faɗin. Haka ma idan za ka naɗa wani a kanta. Dalilin a bayyane yake. Da babu wannan ƙa'ida, duk wanda aka yarje wa rubuta takardun izini sai ya rubuta mai cewa "komai da komai", ya naɗa kansa, shi kenan ya zama sarkin gungu. Mai riƙe da makullin ƙaramar ƙofar ruwa ba zai iya yanko wa ɗan'uwansa makullin babbar ƙofa ba.

Sakamakon wannan shi ne mai sakawa yana buƙatar izini hawa biyu. Hawa na farko na ainihin sakawa ne: ya iya ƙirƙirar Pod da asusun hidima da takardun izini, sannan ya iya yi wa gungu rajistar sababbin nau'o'in abubuwa, waɗanda ake kira CRD, kuma su na gungu duka ne, ba a iya tsare su a unguwa ɗaya. Hawa na biyu shi ne duk abin da ƙarin zai nema wa kansa. Idan ƙarin na son duba kowane Pod a gungun, mai sakawa ma sai yana da wannan ikon, ko da shi ba zai taɓa amfani da shi ba.

Shi ya sa injiniyarmu za ta danna umarni, sai ofishin gungu ya dawo mata da lamba 403 da kalmar Forbidden, ya ce tana ƙoƙarin ba da izinin da ba ta riƙe da shi, ya jero mata su. Ta ƙara waɗanda aka jero, ta sake gwadawa, wani ya sake fitowa. Ga magriba ta gabato, ga mai kamfani yana ta kira. Ta duba intanet, sai ta ga amsar da kowa ke bayarwa: layi ɗaya da zai naɗa asusun a kan cluster-admin, takardar da ta yarje komai a kan komai. Ta danna, kuskuren ya ɓace.

Gaskiyar magana, wannan saƙon na Forbidden ba lalacewa ba ce. Shi ne lokaci ɗaya da tsarin ke tsayar da kai ya karanta maka abin da baƙon ke nema kafin ka ba shi. Wanda ya rufe bakin saƙon da cluster-admin bai warware komai ba, ya dai hana a ƙara tambayarsa ne.

An taɓa yin wannan a duniya baki ɗaya. Helm shi ne kayan aikin da aka fi amfani da shi wajen saka ƙari. A sigarsa ta 2, yana da wani wakili mai suna Tiller da ke zaune a cikin gungu yana saka abubuwa a madadin mutane. Tun da ba a san me za a ce ya saka gobe ba, sai akasarin mutane suka riƙa ba shi cluster-admin. Kuma a yadda yake zuwa, ba ya tambayar mai yi masa magana daga cikin gungu ko wane ne. Ka ga kenan ƙa'idar "ba ka ba da abin da ba ka da shi" ta zama wasa: wanda ba shi da iko sai ya aiki Tiller, shi kuwa yana da komai. A Nuwamban 2019 Helm 3 ya fito, aka cire Tiller ɗungurungum. Yanzu Helm da izinin wanda ya kira shi yake aiki.

Masu kayan aikin da suka biyo baya sun ɗauki darasi. Flux yana ba ka damar ambata asusun hidimar da zai ari sunansa wajen saka kowane ƙunshi, ta yadda ƙungiya ɗaya ba za ta yi amfani da ƙarfinsa ta shiga unguwar wata ba. Haka OLM, mai kula da saka ƙari a OpenShift na kamfanin Red Hat: tsohuwar sigarsa da nata babban iko take sakawa, amma da sabuwar ta fito sai ta ce wa mai gungu ya kawo asusun hidimar da za a yi sakawar da shi, ya kuma ba shi izinin da ya dace. Masu amfani sun ji jiki, domin jero izinin babban ƙari ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai cin rai. Amma manufar ita ce mutum ya ga jerin da idonsa kafin ya amince.

Izinin da ya fi kamanninsa girma

Wani zai ce, to ni ban ba da cluster-admin ba, na tsira. Tukuna dai. Akwai izini da dama da ke da kamannin ƙanana alhali ƙarshensu ɗaya ne.

Ɗauki sirri. A Kubernetes ana ajiye kalmomin sirri na rumbun bayanai, makullan shiga tsarin biyan kuɗi da makamantansu a wani abu da ake kira Secret. Mutum zai ga ƙari ya nemi list a kansu, ya ce ai sunaye kawai zai gani. Ba haka ba ne. Amsar list tana zuwa ne da abin da ke cikin kowanne, haka ma watch. Don haka "ya ga jerin sirrika a gungu duka" daidai yake da "ya karanta kowane sirri". Ba banza ba takardar view da Kubernetes ke zuwa da ita, wadda aka yi don masu kallo kawai, ba ta haɗa da sirri ba.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa: ikon ƙirƙirar Pod. Wanda zai iya tayar da Pod a wata unguwa, zai iya cewa a tayar da shi da sunan kowane asusun hidima da ke unguwar, a kuma ɗora masa kowane sirri da ke cikinta. Wato ya gaji ikon mafi ƙarfin asusun da ke zaune a wurin. Wannan ne ya sa bai kamata ka ajiye ƙari mai babban iko a unguwa ɗaya da manhajojin da kowa ke taɓawa ba. A misalinmu na kamfanin manoma, in aka saka irin wannan ƙari a unguwar gwaji, ɗalibin da ya zo koyon aiki aka ba shi izinin tayar da Pod a can ya samu hanyar zuwa unguwar biyan kuɗi, ko da bai sani ba.

Sai kalmomi uku da ya kamata idonka ya tsaya a kansu duk inda ka gan su: escalate, bind da impersonate. Biyun farko su ne keɓewar da aka yi wa ƙa'idar da muka yi bayani. Mai escalate yana rubuta takardar da ta fi ƙarfinsa, mai bind yana naɗi a kan takardar da bai riƙe ba. Na ukun kuwa aron suna ne, ka yi magana a matsayin wani. Suna da amfaninsu, musamman ga asusun da aikinsa sakawa ne, kuma ana iya taƙaita bind a kan takardu sanannu da sunayensu. Amma idan aka bar su a sake, cluster-admin ne da wata riga. Haka alamar tauraro, wadda ke nufin "duka": tana haɗawa har da nau'o'in abubuwan da ba a ƙirƙira ba tukuna, waɗanda wani ƙarin zai kawo baɗi.

Me ke faruwa idan aka fasa ƙari?

A Fabrairun 2018 kamfanin tsaro na RedLock ya bayyana cewa wasu sun shiga allon sarrafa Kubernetes na kamfanin Tesla, wanda aka bari babu kalmar sirri, suka yi amfani da kwamfutocin wajen haƙar kuɗin kirifto, kuma a ciki akwai makullan shiga ma'ajiyar kamfanin da ke Amazon. Shi wannan allon sarrafawa ƙari ne, ba ya cikin ainihin Kubernetes.

Amma misalin da ya fi koyarwa shi ne na Maris 2025. Masu bincike na kamfanin Wiz suka bayyana wasu kurakurai a ingress-nginx, mai karɓar baƙi da dubban gungu ke amfani da shi. Mafi muni a cikinsu, mai lamba CVE-2025-1974, an ba shi maki 9.8 cikin 10. Wani ɓangare na ƙarin yana karɓar bayanin sabuwar hanya ya gwada ko daidai take kafin a amince da ita, kuma ba ya tambayar wanda ya aiko. Sai aka gano ana iya cusa masa abin da zai sa ya gudanar da umarnin maharin yayin wannan gwajin. Zuwa nan kwantena ɗaya ce aka fasa. Abin da ya mayar da ita babbar magana shi ne tikitin da ke cikinta: a yadda aka saba saka shi, asusun hidimar ingress-nginx yana iya karanta sirrin kowace unguwa.

Kuma ba sakaci ne ya sa aka ba shi ba, a nan ne abin yake da wuya. Takardun shaidar shafukan intanet a cikin Secret ake ajiye su, kowace a unguwarta, shi kuma mai karɓar baƙi dole ya karanta su. RBAC ba ya iya bambance sirrin da yake takardar shaidar shafi da wanda yake kalmar sirrin rumbun bayanai. A wurinsa duk Secret ne. Saboda haka aka ba shi duka. An toshe kafar a siga ta 1.12.1 da 1.11.5, amma wanda ya riga ya taƙaita ƙarin a unguwa ɗaya tun farko, abin da ɓarawo zai samu a wurinsa kaɗan ne. Mutanen yankin Bagauda da suka ga fashewar madatsarsu a 1988 sun san cewa girman ɓarna ba daga faɗin tsagar yake ba, daga yawan ruwan da ke bayanta yake. Kowace manhaja tana iya tsagewa. Abin da ke hannunka shi ne yawan abin da ka tara a bayanta.

Ga kamfani a Nijeriya kuwa, maganar ta wuce ta fasaha. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da su. Lambobin waya da asusun bankin manoman Tudun Wada suna cikin irin wannan bayani, kuma cewa "ƙarin da muka sauko da shi ne" ba ya sauke wannan nauyi.

To me mutum zai yi? Abu na farko, ka karanta kafin ka saka. Umarnin helm template yana fito maka da abubuwan da ƙunshi zai ƙirƙira ba tare da ya taɓa gungu ba. Ka nemi ClusterRole da ClusterRoleBinding a ciki, ka duba secrets, ka duba tauraro, ka duba kalmomi ukun nan. Minti goma ne. Ƙunshi da yawa suna da zaɓin tsayar da ƙarin a unguwa ɗaya ko kaɗan, sai dai ba shi ne a kunne ba, domin masu yin su sun fi son abu ya yi aiki daga dannawar farko. Bayan sakawa kuma, kana iya tambayar ofishin gungu kai tsaye da kubectl auth can-i --list, ka haɗa da --as da cikakken sunan asusun, ya jero maka abin da zai iya yi a unguwar da ka ambata. Manhajojinka na yau da kullum da ba su da wata hulɗa da ofishin gungu, ka hana a saka musu tikiti gaba ɗaya da automountServiceAccountToken: false. Tikitin da babu shi ba a sace shi.

A ganina, ba gaskiya ba ne a ce wa ƙaramin kamfani mai injiniya ɗaya ko biyu ya tace kowane izini har ƙwaya. Wasu ƙarin, irin Argo CD, aikinsu shi ne saka komai, babban iko kuwa dole ne a gare su. Abin da ya fi dacewa shi ne ka san su da sunayensu, su zama kaɗan, kowanne a unguwarsa shi kaɗai, ka riƙa sabunta su da wuri. Idan dole ta sa ka ba asusun sakawa babban iko, ka ba shi a takardar naɗi ta daban wadda ka san da ita, kada ka taɓa liƙa shi a kan default, domin duk Pod ɗin da aka tayar a unguwar ba tare da suna ba zai gaje shi.

Saura ranar cirewa, wadda kusan kowa ke mantawa da ita. Idan ka cire ƙari da Helm, yana kwashe abin da shi ya saka ne, ban da CRD ɗin da suka zo a jakarsu ta musamman, waɗanda yake bari da gangan don kada bayanai su salwanta. Takardar naɗin da injiniyarmu ta rubuta da hannunta a wancan yammacin kuwa, Helm bai san da ita ba, tana nan. Kuma takardar naɗi da suna take gane mai ita. Ko an goge asusun, tana nan tana nuni ga wannan suna a wannan unguwa. Duk ranar da wani ya sake ƙirƙirar asusun hidima mai irin sunan a wurin, nan take ya zama cluster-admin, ba tare da an tambayi kowa ba. Umarnin kubectl get clusterrolebindings -o wide zai jero maka su tare da sunayen waɗanda aka naɗa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda asusunta ba ya nan ka goge ta.